Aji da Tsakar Gida: Karatun 'Yan Firamare a Lokacin Annobar Korona

A ranar 19 ga Maris, 2020, makonni uku bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, kuma kafin watan ya ƙare babu wata firamare ta gwamnati da ta rage a buɗe a jihohin arewa. Da farko kwana talatin gwamnonin arewa maso yamma suka ambata, sai kwana talatin ɗin ya yi ta miƙewa har ya cinye zangon karatu na uku gaba ɗaya, ya haɗa da azumi da sallah biyu da damina. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare aka fara mayarwa a farkon Agusta domin jarrabawar WAEC, su kuwa 'yan firamare, a yawancin jihohi ba su sake ganin allon aji ba sai daga watan Oktoba, wato bayan kusan wata bakwai. A Jamhuriyar Nijar abin bai kai haka tsawo ba, domin an rufe a ranar 20 ga Maris aka buɗe a ranar 1 ga Yuni. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a lokacin da rufewar ta kai ƙololuwa a duniya, ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a gida. Wannan rubutu ya taƙaita ne ga ƙananansu, yaran da ke tsakanin shekara shida da goma sha biyu, domin a kansu ne rashin aji ya fi yin nauyi, kuma a kansu ne ya fi bayyana abin da gida zai iya yi da abin da ba zai iya ba.

Kafin a auna abin da aka rasa, dole a san halin da ajin yake ciki tun kafin a rufe shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a biranen arewa ba abin mamaki ba ne a tarar da yara fiye da ɗari a ɗaki guda, wasu a benci, mafi yawa a ƙasa, musamman a Kano bayan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a watan Satumba na 2019, wata shida kacal kafin annobar. Bankin Duniya yana da wani ma'auni da yake kira talaucin koyo, ma'ana kason yara 'yan shekara goma da ba sa iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi su fahimce shi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara wannan kaso ya kai 86 cikin ɗari tun kafin korona, sannan ƙiyasin 2022 ya kai shi 89. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita baki ɗaya kuwa ya tashi daga 57 zuwa 70. Abin lura a nan shi ne ƙarin da aka samu a Afirka bai kai na sauran wurare ba, kuma dalilin ba abin farin ciki ba ne: inda yara tara cikin goma ba su iya karatu tun farko, babu sauran wuri mai yawa da za a faɗa.

Duk da wannan rauni, ajin firamare yana yin wani aiki wanda ba a cika gane darajarsa ba sai an rasa shi. Koyon karatu ba tara labari ba ne irin yadda babba ke sauraren bayani ya riƙe. Sana'a ce ta ido da baki da kunne, wadda ake ƙwarewa a kanta ta hanyar maimaici da gyara. Yaro yana fara gane cewa kowane harafi yana wakiltar sauti, sannan ya koyi haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, wato guntun kalma da ake furtawa a numfashi ɗaya, sannan ya jera gaɓoɓi su zama kalma, har ya kai matsayin da idonsa ke ɗaukar kalma gaba ɗaya ba tare da ya tsaya harhaɗawa ba, hankalinsa ya samu sararin kula da ma'ana. A wannan fanni ɗan Hausa yana da sa'a da ba kowa ke da ita ba, domin rubutun boko na Hausa ya fi na Ingilishi daidaito nesa ba kusa ba: harafi kusan kullum sauti ɗaya yake bayarwa, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a nunawa a rubutu. Yaron da ya riƙe baƙaƙe da wasula biyar, ya bambance b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, zai iya furta kusan kowace kalma da aka rubuta masa. Wannan na cikin hikimar da ta sa manufar ilimi ta wancan lokaci ta ce a koyar da yaro cikin harshen uwa ko harshen yankinsa a shekaru ukun farko, kuma a kan wannan tushe aka gina shirye-shirye irin su Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Sai dai kowane mataki daga cikin matakan nan yana buƙatar wani ya saurari yaron yana karantawa, ya ji inda ya karkace, ya dawo da shi nan take. Ɗan aji shida da ya riga ya iya karatu zai iya ɗaukar littafi ya ƙaru shi kaɗai, amma ɗan aji ɗaya ko biyu da aka rufe makaranta yana tsakiyar harhaɗa gaɓa, abin da ya kama bai riga ya zauna ba, kuma wata bakwai ya isa ya zube.

Amsar da hukumomi suka fara bayarwa ita ce rediyo da talabijin, kuma zaɓi ne mai ma'ana a ƙasar da rediyo ya daɗe da zama abokin hira a zaure da shago da gona. Akwai ma abin koyi na kusa: lokacin annobar Ebola, Saliyo ta rufe makarantunta kimanin wata tara tsakanin 2014 da 2015, ta riƙa watsa darussa ta rediyo. A 2020 jihohi da dama, ciki har da Kano da Kaduna, sun sa malamai a gidajen rediyo da talabijin nasu, kuma asusun haɗin gwiwa na duniya don ilimi, GPE, ya ba Najeriya tallafin dala miliyan 15 ta hannun UNICEF domin irin wannan aiki a jihohi 16. Makarantun kuɗi na manyan birane kuwa sun koma WhatsApp da Zoom, hanyar da ta tsaya ga gidajen da ke da babbar waya da kuɗin data da wutar caji, don haka ba ta shafi mafi yawan yaran da ake magana a kansu ba.

Rediyo ya kai inda intanet bai kai ba, amma yana da iyakoki guda biyu, ɗaya ta gida, ɗaya ta ainihin halittarsa. Ta gida ita ce akwatin rediyo, ko ƙaramar wayar da ake kama tasha da ita, yawanci a hannun maigida take, tana fita idan ya fita, kuma batirin da aka saya da kuɗi an fi ajiye shi domin labaran duniya da tafsiri. A wurare da dama kuma darussan farko an tsara su ne don masu fuskantar jarrabawar kammala sakandare, cikin Ingilishi, kafin a waiwayi ƙananan azuzuwa. Iyaka ta biyu ta fi zurfi: rediyo yana magana amma ba ya ji. Masu tsara darussa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ƙirƙiro salon da ake kira koyarwar rediyo mai amsa-kuwwa, inda mai gabatarwa zai yi tambaya ya yi shiru na ɗan lokaci domin yara su amsa, ko ya ce a rubuta harafi kaza a ƙasa. Amma an gina salon ne bisa zaton akwai wani babba a wurin da zai duba abin da aka rubuta. Idan yaro ya juya harafin d ya zama b, muryar da ke cikin akwati za ta ce madalla ta wuce, kuskuren kuwa ya kwana tare da shi.

Bincike biyu daga wurare masu nisa da juna sun haska wannan batu. A ƙasar Holan, inda kusan kowane gida ke da intanet kuma rufewar farko ba ta wuce mako takwas ba, masu bincike sun kwatanta sakamakon jarrabawar 'yan firamare kafin rufewa da bayanta, suka tarar yaran ba su ci gaba ba sai kaɗan ko ma babu, kuma asarar ta fi girma har zuwa kashi 60 cikin ɗari a gidajen da iyaye ba su yi karatu mai zurfi ba. Ke nan na'ura ba ta maye gurbin malami ba ko a inda na'urar ta wadata. A Botswana kuwa, wata ƙungiya mai suna Young 1ove ta gwada hanya mafi arha da iyalai kimanin 4,500: wasu an riƙa aika musu saƙon waya mai ɗauke da 'yan tambayoyin lissafi duk mako, wasu kuma bayan saƙon sai a kira su a waya na kimanin minti ashirin, a sa wayar a amsa-kuwwa, mai koyarwa ya yi aikin tare da yaron, mahaifi ko mahaifiya na saurare. Saƙo shi kaɗai bai haifar da wani sauyi mai ɗorewa ba, amma inda aka haɗa da kira an ga ƙaruwa a fili. Minti ashirin a mako ba wani lokaci ba ne idan aka kwatanta da sa'o'in aji. Abin da ya ba shi nauyi shi ne a cikinsa akwai wanda ke jin amsar yaron.

A nan ne ya kamata a sake duba wata magana da aka yawaita yi a lokacin, cewa iyayen arewa ba za su iya taimaka wa 'ya'yansu ba saboda ba su yi boko ba. Gaskiya ne iyaye da yawa, musamman mata a karkara, ba sa karanta rubutun boko, amma kaɗan ne daga cikinsu ba su taɓa zama gaban malamin allo ba, kuma makarantar allo tana da tsarin koyar da karatu wanda ya ginu kacokan a kan sauraro. Yaro yana farawa da babbaƙu, wato gane haruffa ba tare da wasali ba, ya wuce farfaru, inda ake ɗora wasula a kan haruffan, sannan ya kai hajjatu, matakin da yake haɗa kalmomi ya karanta da kansa. Malam yana biya masa, shi ma ya biya a gaban malam, kuma ba a ba shi izinin wanke allo a yi masa ƙari sai an ji ya riƙe abin da ke kai. Yara talatin na iya zama a inuwa ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya, babu wanda ake ja gaba don shekarunsa sun kai ko don zango ya ƙare. Mahaifiyar da ta taso a wannan tsari ta san, ko da ba ta taɓa faɗa da baki ba, cewa karatu abu ne da ake yi kullum a lokaci sananne, da murya a sama, a gaban mai ji. Ba a cika gina shirye-shiryen tallafin gida a kan wannan sani ba, kuma wannan asara ce, domin ya fi kowace na'ura yaɗuwa a gidajen Hausawa. Su kansu makarantun allo da na Islamiyya dokar rufewa ta shafe su, kuma a watan Afrilu na 2020 gwamnonin arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, abin da ya raba dubban yara da malamansu a daidai lokacin da boko ma ke rufe.

Abin da gida zai iya yi, idan aka bi wannan fahimta, bai buƙatar kaya masu yawa. Mafi amfanin mai taimako sau da yawa ba uba ba ne ko uwa, wa ne ko ya da ke aji biyar ko ƙaramar sakandare, ko ɗan maƙwabta, wanda shi ma yana zaune babu makaranta, kuma koyar da ƙanensa yana ƙarfafa nasa karatun. Aikin iyaye shi ne tsayar da lokaci, ko da hantsi kafin rana ta yi zafi ko tsakanin la'asar da magariba, da zama kusa domin yaran su san abin ba wasa ba ne. Inda babu littafi da fensir, ƙasar tsakar gida da tsinke sun isa rubuta gaɓa, gawayi da bango ma haka, kuma rubutu yana nan a jikin kwalin ashana da ledar omo da buhun taki ga mai neman abin karantawa. Lissafi ya fi sauƙin samun gurbi, domin yarinyar da ke ba da canji a wurin talla, ko yaron da ya san mudu nawa ke cikin tiya, sun riga sun iya tarawa da ɗebewa a ka. Abin da ya rage shi ne a nuna musu yadda ake rubuta abin da suka riga suka sani, a ɗaure tsinke goma-goma domin su ga dalilin da ya sa ake ajiye goma a gefe a ɗauki ɗaya a kai gaba.

Akwai kuma rabin karatu da bai shafi harafi ba sam. Masana suna kallon fahimtar rubutu a matsayin haɗuwar abu biyu, iya furta abin da aka rubuta da kuma fahimtar harshen da aka rubuta shi da shi, kuma idan ɗaya ya yi rauni ɗayan ba ya cike gurbinsa. Rabi na biyun a bakin kaka yake. Tatsuniyar dare, da kacici-kacici, da karin magana, da labarin yadda aka yi wata fari ko wata tafiya, duk suna ƙara wa yaro kalmomi, suna koya masa bin labari daga farko zuwa ƙarshe da hasashen abin da Gizo zai yi nan gaba. Tsohuwar da ta tsaya a tsakiyar tatsuniya ta tambayi jikanta dalilin da ya sa kura ta yarda da dabarar Gizo, tana yin aikin da littattafan horar da malamai ke kira tambayar fahimta, ba tare da ta san sunansa ba.

Tsarin allo yana da nasa tarko idan aka ɗauko shi ba tare da lura ba, kuma tarkon shi ne hadda. A karatun Alƙur'ani hadda manufa ce mai daraja, amma a koyon karatun boko tana iya ɓoye rashin iyawa: yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai rera shafi guda daga sama har ƙasa, yatsansa na bin layi, alhali bai gane ko kalma ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne, ko wanda bai iya karatu sosai ba zai iya yinsa: a nuna masa kalma daga tsakiyar shafi, ko a fara daga ƙasa zuwa sama, ko a rubuta masa sabuwar kalma da gaɓoɓin da ya sani. Tarko na biyu bulala ce. Yaron da ke tsoron duka yana koyon yin shiru ko yin gunguni, kuma da zarar ya daina karantawa da ƙarfi, mai sauraro ya rasa abin da zai gyara.

Ba daidai ba ne a kwatanta gidajen 2020 kamar wuraren da ke da natsuwar yin duk wannan. Kano ta samu mutum na farko mai cutar a ranar 11 ga Afrilu, aka sa dokar kulle 'yan kwanaki bayan haka, kuma kullen ya haɗu da watan azumi a garin da mafi yawan magidanta sai sun fita suke samun na cefane. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku ya tsaya tare da makarantu, rabon abincin kai-gida da gwamnatin tarayya ta fara a watan Mayu kuwa a Abuja da Legas da Ogun aka yi shi. Da damina ta sauka yara maza suka bi iyayensu gona, 'yan mata kuma talla da raino da aikin gida suka cinye yininsu, kuma wasu daga cikin manyansu ba su koma aji ba ko bayan an buɗe. Malaman ƙananan makarantun kuɗi, waɗanda albashinsu ke fitowa daga kuɗin zango, da yawa sun yi watanni babu ko sisi, wasu suka koma koyar da yara a soraye da zauruka bisa ɗan abin da iyaye za su iya bayarwa, wanda a aikace shi ne ajin da ya rage a unguwanni da dama.

Daga cikin ƙoƙarin da aka yi a ƙasar Hausa, na ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano ya cancanci ambato, domin ya taɓa ainihin matsalar. Shirin KaLMA, wanda hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar ta gudanar tare da British Council da TaRL Africa, ya fara ne kafin annobar da 'yan aji huɗu zuwa shida, bisa hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, wato koyarwa daidai da matakin yaro. A wannan hanya ana gwada kowane ɗalibi shi kaɗai, da baki, a ga ko bai san harafi ba, ko yana gane haruffa, ko kalmomi, ko sakin layi, ko cikakken labari, sannan a raba yara rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa ajin da rajista ta ba shi ba. Duk wanda ya san babbaƙu da farfaru da hajjatu zai ga kamannin. Da aka rufe makarantu, shirin ya koma amfani da rediyo da saƙonnin waya da takardun aiki da ake kaiwa gidaje.

Lokacin da aka buɗe makarantu, da takunkumi da bokitin wanke hannu a bakin aji, abin da ya fi damun hukumomi shi ne daidaita kalanda. Aka gajarta zanguna, aka matse manhaja, wato jerin darussan da aka tsara wa kowane aji, aka kuma ciyar da yara gaba zuwa aji na gaba domin a samar wa sababbin shiga wuri. Ta haka yaron da aka rufe makaranta yana aji biyu bai gama haɗa gaɓa ba, ya tsinci kansa ba da daɗewa ba a aji uku, sannan aji huɗu, inda bisa tsarin lokacin harshen koyarwa ke komawa Ingilishi, malami kuma yana bin manhaja shafi bayan shafi domin ita mai duba makarantu zai tambaya. A wasu jihohin ma buɗewar ba ta daɗe ba: a ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, Katsina ta sake rufe makarantunta, kuma sace-sacen Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021 suka sa wasu jihohin maƙwabta rufe nasu, yara da yawa suka sake komawa tsakar gida tun ba su cika wata uku a aji ba.